Kwalejin Gwamnati ta Umuahia: yadda tsofaffin ɗalibai na gida da na ƙetare suka karɓi makarantarsu daga hannun gwamnati

Ranar 22 ga Disamba, 2014, gwamnatin Jihar Abiya, a zamanin Gwamna Theodore Orji, ta sa hannu a takardar amana da ta damƙa Kwalejin Gwamnati ta Umuahia ga wata gidauniya mai suna Fisher Educational Development Trust. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar ce ta kafa gidauniyar, ƙungiyar da ke da rassa a biranen Najeriya da Amurka da Birtaniya. Abin da aka damƙa ya wuce izinin shafa fenti ko sauya kwanon rufi. Makarantar ce sukutum: mallakarta, da gudanar da ita, da kuma nemo kuɗin da za ta rayu da su. Mun saba ganin tsofaffin ɗalibai sun zo da kwalayen littattafai, an yi jawabi, an ɗauki hoto, an watse. Waɗannan kuwa cewa suka yi a ba su makullin. Shi ya sa lamarin ya cancanci a zauna a dube shi a tsanake.

Makarantar da ake wa wannan ɗawainiya

Wani limamin cocin Angilika, Robert Fisher, wanda ya koyar a Kwalejin Achimota da ke Ghana ta yau, shi Turawan mulkin mallaka suka ɗora wa kafa ta. An buɗe ta a watan Janairun 1929 da yara 23, a wani makeken fili kusa da Umudike, kan hanyar Ikot Ekpene. A wannan shekarar aka buɗe takwararta ta Badun. King's College ta Legas ta girme su da shekara 20, Kwalejin Katsina kuma, wadda ta zama Barewa, ta girme su da shekara 8. Da horas da malamai ta fara, a 1930 ta koma sakandare. A 1940 aka rufe ta aka mai da ita sansanin tsare Jamusawa da Italiyawa saboda Yaƙin Duniya na Biyu, aka rarraba yaran zuwa wasu makarantu, sai a 1943 ta sake buɗewa.

Bayan wannan buɗewar ne aka yi wani shugaban makaranta, William Simpson, wanda ya kafa dokar da har yau ake ba da labarinta. A wasu ranakun mako, da zarar an tashi daga aji, laifi ne a ga yaro riƙe da littafin darasi. Ko dai ya nufi filin wasa, ko ya shiga laburare ya ɗauki littafin labari ko na tarihin rayuwar wani ya zauna da shi. Simpson malamin lissafi ne, amma ya tsani haddar da ake yi don cin jarabawa kawai. Abin da wannan doka da wannan laburare suka haifar, duniya ta gani. Marubuci Chinua Achebe, ɗan malamin coci daga Ogidi, ya shiga a 1944 ya gama a shekara huɗu maimakon biyar. Marubuta irin su Christopher Okigbo da Chukwuemeka Ike da Elechi Amadi sun biyo bayansa, Ken Saro-Wiwa ya shiga a 1954. Kafin su duka, Gabriel Okara da mai zane Ben Enwonwu sun ratsa ta. A fagen mulki akwai Jaja Wachuku, ministan harkokin wajen Najeriya na farko, da Okoi Arikpo wanda ya riƙe wannan ma'aikata a zamanin Janar Gowon.

Duk wanda ya duba waɗannan sunaye zai ga ba makarantar ƙabila ɗaya ba ce. Okara Ijo ne, Saro-Wiwa ɗan Ogoni, Amadi ɗan Ikwerre, Arikpo daga Ugep a Kuros Riba ta yanzu. Dakta Emmanuel Endeley, firimiyan farko na Kudancin Kamaru, daga Buea ya zo. Peter Katjavivi, wanda ya zama kakakin majalisar dokokin Namibiya a 2015, a nan ya yi sakandare a shekarun 1960. Jarabawar shiga ce ƙofa. Akwai kuɗin makaranta, amma baitulmalin gwamnati ne ke ɗauke da mafi nauyin kayan, kuma yaron da ya yi zarra yakan samu tallafi. A riƙe wannan batu, domin a kansa ne duk muhawarar yau take.

Yadda ta lalace

Yaƙin basasa ya raba 'yan makaranta ɗaya gida biyu. Alexander Madiebo ya jagoranci sojojin Biyafara, Okigbo ya mutu a fagen daga kusa da Nsukka a 1967, Amadi ya sa kakin sojan tarayya, Saro-Wiwa ya yi kantoman Bonny a ɓangaren tarayya. Garin Umuahia kansa ya zama hedikwatar Biyafara bayan faɗuwar Inugu, har zuwa Afrilun 1969. Karatu ya tsaya, sojoji suka shiga harabar.

Amma ba yaƙi ne ya gama da ita ba, don ta sake buɗewa bayan 1970 kuma ta ci gaba da yaye haziƙai. Abin da ya cinye ta a hankali ya zo. Makarantar da aka gina domin dukan Jihar Gabas da Kudancin Kamaru ta koma hannun Jihar Gabas ta Tsakiya, daga nan ta koma ta Imo a 1976, sannan ta Abiya a 1991. Duk ƙirƙirar jiha, sai mai makarantar ya ƙara ƙanƙancewa, aljihunsa ya ƙara tsukewa, yankin da ake ɗebo yara ya ƙara matsewa. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya turo ɗimbin yara zuwa sakandare a daidai lokacin da farashin mai ya karye a farkon shekarun 1980, sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya ƙarasa. Makarantar kwana kuwa aba ce mai cin kuɗi kullum: abinci sau uku, ruwa, wuta, gyaran bandaki, gidajen malamai. Da kuɗin kula suka ɗauke, rufi ya fara yoyo, silin ya rufto, tagogi suka zama ramuka, ciyawa ta haɗiye filayen wasa, masu neman fili suka yi ta gutsurar gefen harabar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mutanen ƙetare da shekarun faci

Matsin da ya karya makarantar shi ne kuma ya kori 'ya'yanta daga ƙasar. Daga tsakiyar shekarun 1980 likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a suka riƙa ficewa zuwa Amurka da Ingila da Kanada da Saudiyya. Cacar bizar Amurka da ta fara a tsakiyar shekarun 1990 ta ƙara buɗe hanya, har ta kai an cire Najeriya daga cikinta daga zagayen 2015 saboda yawan waɗanda suka riga suka shiga. Makaranta irin Umuahia, wadda sana'arta ke nan yaye likita da injiniya, dole ta samu kaso mai tsoka a cikin waɗannan matafiya. Ta haka aka samu reshen Amurka da na Birtaniya masu ƙarfi, kowanne da shugabanninsa da asusunsa.

Wanda bai taɓa ganin taron shekara-shekara na irin waɗannan ƙungiyoyi ba zai yi mamakin ƙarfinsa. Ana kama zauren otal a wani birni, dattawa masu furfura su zo da matansu sanye da kalar makaranta, a miƙe a rera taken makaranta, a riƙa kiran juna da laƙabin yarinta. Farfesan da ake jin tsoronsa a asibiti, a nan ƙane ne ga wanda ya riga shi shiga da shekara ɗaya. Sai a kashe fitila a haska hotunan da wani ya ɗauko da ya je gida: ga gadon ƙarfe ya yi tsatsa, ga ɗakin gwaje-gwaje babu ko famfo, ga ɗakin kwanan da mutum ya shekara biyar a ciki rabin rufinsa a ƙasa. A Umuahia gidajen kwana suna da sunaye, irin su Fisher da Simpson da Cozens da Wareham da Erekosima da Niger da Nile, kuma wanda ya kwana a Niger ba sai an roƙe shi sau biyu ba idan ya ga halin da Niger ke ciki. Daga nan a fara alkawura, aji ya yi gasa da aji. Irin su Obi Nwakanma, tsohon ɗalibin makarantar da ke koyarwa a Amurka, sun yi ta rubutu a jaridar Vanguard kan halin da take ciki, don kada zancen ya tsaya a zauren otal.

Kuɗi sun shiga, ayyuka sun gudana, amma makarantar ba ta tashi ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma duk wanda ya taɓa shiga aikin gyaran makarantar gwamnati ya san shi. 'Yan aji kaza za su gyara ɗakin kwana ɗaya, su liƙa allon sunayensu, su koma inda suka fito. Ranar da iska ta ɗaga fallen kwano ɗaya, babu wanda aikinsa ne ya hau ya buga ƙusa, babu kuma kasafin sayen ƙusar. Damina biyu sai silin ya jiƙe ya zube. A kawo kwamfutoci babu wuta, a kawo janareta babu kuɗin mai. Shugaban makarantar da aka ƙulla magana da shi, ma'aikatar ilimi ta yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san da zancen ba. Malamin kimiyyar da za a damƙa wa sabon ɗakin gwaji yana bin albashin watanni, hankalinsa na wajen abin da zai kai gida. Masu ba da kuɗin ba su da ta cewa a kan wanda za a ɗauka aiki, ko yawan yaran da za a zuba a aji, ko wanda zai riƙe makullin sito. A ganina wannan ne darasi mafi tsada da mutanen Umuahia suka saya da dalolinsu: kyauta ba ta zama a wurin da babu mai riƙe ta.

Da aka haɗa kai

Haɗin kan da ya yi tasiri ba na tara kuɗi wuri ɗaya kaɗai ba ne. Rassan sun yarda su tsaya a bayan hukuma guda mai rajista, wadda za ta iya sa hannu a yarjejeniya, ta riƙe dukiya, ta ɗauki ma'aikata, a kai ta ƙara ko ta kai ƙara. Gwamnati ba za ta miƙa makaranta ga taron otal ba, kuma ba za ta yi ciniki da rassa goma kowanne da bakinsa ba. Tsarin ya yi kama da wakafi a wajenmu: dukiyar ba ta wani mutum ba ce, amintattu ne ke riƙe da ita don manufa ɗaya, ba su da ikon karkatar da ita. Sun kuma sa wa gidauniyar sunan Fisher, sunan da babu reshe ko aji ko ƙabilar da za ta ce nata ne ita kaɗai.

Bayan 2014 makarantar ta shiga shekarun gyara, daga baya ta sake karɓar sabbin yara a matsayin makarantar kwana da gidauniyar ke gudanarwa. Ajujuwa da rassa da ɗaiɗaikun masu hali sun ci gaba da ɗaukar gine-gine, sai dai yanzu a ƙarƙashin tsari ɗaya, kuma akwai wanda za a tambaya idan abu ya lalace.

Zaman ƙetare na da fa'idar da ta wuce kaurin albashi. A Amurka, ƙungiyar da ta yi rajistar agaji a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji tana ba mai bayarwa damar rage harajinsa, kuma kamfanoni da dama sukan ninka abin da ma'aikacinsu ya bayar. A Birtaniya akwai tsarin Gift Aid: mai biyan haraji ya ba ƙungiyar agaji mai rajista fam 100, hukumar haraji ta ƙara mata fam 25. Amma waɗannan gata suna zuwa da sharaɗi, wato lissafi a rubuce da shaidar inda kowane kwabo ya tafi. Daga nan ne saɓanin da aka sani tsakanin na gida da na waje yake tasowa a kusan kowace ƙungiya irin wannan. Na waje yana neman rasit da rahoton mai binciken kuɗi, don shi ma za a tambaye shi. Na gida, wanda shi ke shan rana wajen magina, shi ke zaman jira a ofishin kwamishina, sai ya ji kamar ana tuhumarsa. Ni ina ganin duka biyun suna da gaskiya, kuma amfanin gidauniya ke nan: ta mai da tambayar lissafi ƙa'idar ofis, ta daina zama zargi tsakanin abokan aji.

Faɗuwar naira ma ta ƙara wa na waje nauyi a sikeli. A ƙarshen 2014 dala 10,000 ba ta kai naira miliyan 2 ba a farashin gwamnati. A 2024 ta kai wajen miliyan 15. Sai dai buhun siminti da bai kai naira 2,000 ba a 2014 ya haura 10,000 a farkon 2024. Wato ƙarfin mai dala bai ragu ba, na mai albashin naira ne ya zube, kuma wannan kan sa murya ta bi kuɗi a wajen yanke shawara idan ba a yi hattara ba.

Wa zai biya malamai?

Nan ne gizo ke saƙa. Takardar 2014 ta ɗora wa gidauniyar nauyin kuɗin makarantar. Gini sau ɗaya ake yin sa, kuma yana da daɗin tara wa kuɗi, don ana ganin sa, ana rubuta suna a jikinsa. Albashin malamin lissafi nagari kuwa kowane wata ne har abada, haka buhun shinkafa da man janareta. Babu taron shekara-shekarar da zai ɗauki wannan. Hanyar da ta rage ita ce iyaye su biya, kuma makarantar kwana mai inganci a Najeriyar yau ba ta da arha. Saboda haka makarantar ta zama mai biyan kuɗi.

A kwatanta da Anambara. A 2011 Gwamna Peter Obi ya mayar wa coci-coci makarantun firamare 1,040, ya haɗa musu da tallafin naira biliyan 6, gwamnati kuma ta ci gaba da biyan albashin malamai. An sauya mai gudanarwa, ba a sauya mai biya ba. A Oyo kuma, da Gwamna Abiola Ajimobi ya motsa batun shigo da masu zaman kansu cikin makarantun gwamnati a 2016, ƙungiyar ƙwadago da ɗalibai sun fito titi a Badun har aka rufe makarantu, don talakawa sun fassara abin da sayar da makarantun 'ya'yansu. Sai a 2021 Gwamna Seyi Makinde ya miƙa ragamar Kwalejin Gwamnati ta Badun ga tsofaffin ɗalibanta. Tsoron da ya fito da mutanen Badun titi ba na banza ba ne, kuma shi ne tambayar da ke gaban Umuahia.

Ina goyon bayan abin da suka yi. Makarantar da aka bari ta ruɓe ba ta amfani talaka da komai ba, illa ta ba shi takardar da babu karatu a bayanta. Amma ina ganin gwamnatin Abiya ta sauke kaya cikin arha. Filin jama'a ne, sunan da aka gina da harajin jama'a ne, don haka ya kamata baitulmalin jiha ya ci gaba da ɗaukar nauyin wani adadi na yara marasa hali kowace shekara, a rubuce, ba don alfarma ba. Su ma tsofaffin ɗaliban, bashin da ke wuyansu ba na tubali ba ne. Akasarinsu 'ya'yan manoma ne da malaman firamare da ƙananan ma'aikatan jirgin ƙasa, waɗanda jarabawa ta ɗauko daga ƙauye ta ajiye su a gaban laburare. Idan ɗan malamin coci na yau daga Ogidi, ko ɗan masunci daga Bori, ya ci jarabawa ya tsaya a bakin ƙofa saboda kuɗi, to an gyara gine-ginen amma ba a dawo da makarantar ba. Ma'aunin da zan auna aikin da shi ke nan: yara nawa ne ke karatu kyauta, kuma daga ina suka fito.

Maganin wannan sananne ne, asusun ajiya mai ɗorewa wanda ake juya uwar kuɗin ana cin riba kawai. Ƙa'idar da manyan makarantun duniya ke bi ita ce a kashe kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara. Ma'ana, kujerar yaro ɗaya ta dindindin tana buƙatar ajiyar da ta ninka kuɗin shekararsa sau 20 zuwa 25. Kuɗi ne masu yawa, kuma a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, ajiyar naira narkewa take yi. A nan ne rassan ƙetare ke da abin da na gida ba su da shi, wato damar ajiye asusun a dala ko fam, a ƙarƙashin dokar da ke hukunta amintaccen da ya ci amana. Wannan ya fi wani sabon zauren taro amfani, ko da yake ba shi da bangon da za a liƙa suna.

Mu a Arewa muna da namu irin waɗannan makarantu, Barewa da Rumfa da Kwalejin Gwamnati ta Keffi da Alhudahuda, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai masu dogon tarihi. Bambancin shi ne ƙarfin namu ya fi taruwa a Abuja da Kaduna da Kano fiye da ƙetare, kuma makarantun na hannun gwamnatocin jihohi. Idan wata rana aka zo teburin irin wannan yarjejeniya, batun albashi da guraben 'ya'yan talakawa ne ya kamata a fara rubutawa kafin batun makulli, domin iyayen yaran da ke waɗannan makarantu a yau sun fi na Umuahia rauni.

Akwai kuma lokaci, wanda ba ya jiran kowa. Masu zafin kishin Umuahia su ne waɗanda suka san ta tana da ruwa a famfo da littafi a laburare. Waɗanda suka yi ta a shekarun lalacewa ba su da irin wannan shauƙi, don ba su ga abin da za su yi kewa ba, sai an jawo su da gangan an ba su kujera a cikin amintattu. 'Ya'yan da aka haifa a Amurka da Ingila kuma suna da nasu makarantun da ke aiko musu da takardar neman taimako. A 2029 makarantar za ta cika shekara 100. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 1966, gab da yaƙi, yana ɗan shekara 12, a lokacin zai cika 75, ya bar aiki, yana cin fansho. 'Yan shekarun da suka rage wa wannan rukuni su ne damar tara asusun ajiyar, da aljihunsu da kuma wasiyyarsu.